Atanasiyus na Iskandariya, Bishop da Aka Kora Sau Biyar

An haifi Atanasiyus a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara ta 296. Tun yana saurayi ya zama dikin, yana hidima ƙarƙashin Bishop Alekzanda.

A kwanakin nan ne wani malamin ikilisiya mai suna Ariyus ya fara koyar da cewa Ɗan Allah halitta ne. Tun zamanin manzanni Kirista suna yi wa Yesu sujada, amma wannan gardama ta tilasta musu su bayyana filla-filla dangantakar Ɗan da Uban. A shekara ta 325 Sarki Konstantin ya kira taron bishop-bishop a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, Atanasiyus kuwa ya raka maigidansa. Duk ayar da aka kawo, sai mutanen Ariyus su karɓa, su ba ta tasu ma'ana. Saboda haka taron ya ɗauki wata kalmar Helenanci wadda babu ita cikin Littafi Mai Tsarki, wato homo'usiyos, domin a nuna cewa Ɗan da Uban ainihinsu ɗaya ne.

Atanasiyus ya zama bishop na Iskandariya a 328, ya kuwa sha wuya saboda wannan kalma. Sarakunan Roma sun kore shi har sau biyar, ya yi kusan shekara 17 a gudun hijira. Ya zauna a Tiriya, cikin Jamus ta yau, da birnin Roma, ya kuma ɓuya a hamadar Masar. Hujjarsa ita ce, Allah ne kaɗai ke iya ceto. In Almasihu halitta ne, to, ba mu da Mai Ceto. Da wasu suka ce Ruhu Mai Tsarki halitta ne, ya amsa musu da irin wannan hujja. A wasiƙarsa ta Ista ta 367 ya lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari, daidai yadda muke da su.

Ya rasu a 373. A 381 taron Konstantinoful ya tabbatar da koyarwar Nikiya, ya ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki.

Ɗalibai, rayuwarsa ta nuna mana yadda koyarwar ikilisiya ke girma. Sabuwar tambaya takan sa a nemi sabuwar kalma domin a tsare bangaskiyar da aka gada. In muka tashi muna furta Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, mu tuna da wannan ɗan Afirka.