Georges Simenon, marubucin da Kwamishina Maigret ya ƙi rabuwa da shi

Wanda ya yi nisa a karatun faransanci da wuya bai taɓa cin karo da sunan Maigret ba (Megre ake faɗi), wannan ƙaton kwamishinan ƴan sanda na birnin Paris da lofe ba ya barin bakinsa. Wanda ya ƙirƙiro shi kuwa ba Bafaranshe ba ne. Georges Simenon ɗan ƙasar Beljiyam ne, an haife shi a garin Liège a watan Fabrairu na 1903. Mahaifinsa ƙaramin ma'aikaci ne a kamfanin inshora, mahaifiyarsa kuma tana ba ɗalibai hayar ɗakuna don rufin asiri.

Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta. A 1919 ya samu aiki a jaridar Gazette de Liège, inda yakan zagaya ofisoshin ƴan sanda da kotuna yana kwaso labaran sata da faɗa da kisa. A ƙarshen 1922 ya koma Paris, ya shiga rubuta littattafan araha da sunayen aro, har suka kusa 200. Nan ya koyi saurin da aka san shi da shi: yakan kulle kansa a ɗaki, cikin kwana bakwai zuwa goma sha ɗaya ya fito da littafi.

Littattafan Maigret na farko sun fito a 1931, kasuwa kuma ta karɓe su nan take. Amma Simenon bai ɗauke su a bakin komai ba. Burinsa a san shi da manyan littattafan adabi, waɗanda babu ɗan sanda a ciki. Ɗaya daga cikinsu, Le Coup de lune na 1933, ya samo shi ne daga tafiyar da ya yi Afirka a 1932, labarin ƴan mulkin mallaka a Gabon da yadda suka ɗora wa baƙar fata laifin kisan da ba shi ya yi ba. Wata Baturiya mai otal a Libreville ta ce da ita ake, ta kai shi ƙara, ba ta yi nasara ba. A 1934 sai ya yi wa Maigret ritaya, a ganinsa an gama. Masu karatu da masu buga littattafai ba su yarda ba, a 1942 kwamishinan ya dawo bakin aiki.

Zamanin yaƙin duniya na biyu ya bar masa tabo. Ya sayar da labaransa ga kamfanin Continental, wanda Jamusawa suka kafa don shirya finafinai a Faransa da suka mamaye, ƙanensa Christian kuma ya shiga sahun masu mara wa ƴan Nazi baya. A 1945 Simenon ya kwashe iyalinsa zuwa Amurka, sai da ya shekara goma sannan ya komo Turai.

A shekarar dawowarsa, 1955, ya rubuta Maigret tend un piège, wato Maigret ya ɗana tarko. An kashe mata biyar da wuƙa a unguwar Montmartre, ba a san wanda ke yi ba. Maigret ya yi kamun ƙarya don jaridu su yaɗa, sannan ya baza mata ƴan sanda cikin kayan gida su zama tarko. Maharin ya far wa ɗaya, ta tsira da maɓallin rigarsa a hannu, maɓallin nan ne ya kai su gidan wani Marcel Moncin. Yana tsare sai aka sake kashe wata mace. Daga nan zargi ya koma kan mata biyu da suka daɗe suna ja-in-ja a kansa, uwarsa da matarsa.

A kan irin wannan ne ra'ayin masu karatu ya rabu. Waɗanda suka saba da Agatha Christie, inda ake ɓoye mai laifi sai shafin ƙarshe, sukan yi ƙorafin cewa an cika saurin kama mutumin, kuma Maigret bai iya komai ba sai zama da zuƙar lofe da aika a kawo masa abinci daga gidan cin abinci na kusa. Sauran kuwa abin da ya kama su ke nan. Maigret ba ya gaggawar yanke wa mutum hukunci. Yakan shiga gida ya zauna, ya duba wa ke tsoron wa, wa ke juya wa, har mai laifin ya gaji da ɗaukar kayansa ya sauke. Masu ƙorafin suna da hujja idan wasa ƙwaƙwalwa suka zo nema, sai dai ba don wannan aka rubuta littafin ba. Duk wanda ya san yadda zaman uwar miji da matar ɗa kan yi tsami zai gane rabin ƙarshe ba tare da an yi masa bayani ba. Jean Gabin ya fito a matsayin Maigret a fim ɗin 1958, a 2016 kuma Rowan Atkinson, wanda aka fi sani da Mr Bean, ya gwada, ba dariya ko kaɗan.

Mai rubuta rikicin gidajen mutane, nasa gidan bai zauna lafiya ba. Aurensa biyu duk sun lalace, shi kansa bai ɓoye yawan neman matansa ba. Ya rayu yana ganin mahaifiyarsa ta fi son ƙanensa, bayan rasuwarta a 1970 ya rubuta littafi guda a kan haka. Ƴarsa tilo mace, Marie-Jo, ta kashe kanta a Paris a 1978 tana da shekara 25.

Ya ajiye rubuta ƙagaggun labarai a 1972, bayan littattafan Maigret 75 da gajerun labaransa 28, ga wasu littattafan fiye da 100 da suka fi soyuwa a ransa. André Gide ya yaba masa ƙwarai, amma kyautar Nobel da ya sa rai ba ta zo ba. Ya rasu a Lausanne ta ƙasar Suwizalan ranar 4 ga Satumba 1989. Sai a 2003, shekara ɗari da haihuwarsa, aka shigar da shi jerin Pléiade na manyan marubutan faransanci, mafi yawan littattafan da aka zaɓa kuma babu Maigret a cikinsu.