MARIGAYI DOKTA BYANG KATO: ƊAN MANOMIN KWOI DA YA JAGORANCI MALAMAN KIRISTA A AFIRKA

A cikin 'yan Arewacin Nijeriya waɗanda suka yi fice wajen neman ilmin addinin Kirista, da wuya a sami wanda sunansa ya kai inda na marigayi Dokta Byang Henry Kato ya kai. Shekararsa 39 kacal a duniya, amma a cikin wannan ɗan lokaci ya tashi daga yaron da ke bin mahaifinsa gona a ƙasar Jaba, ya zama Babban Sakataren wata ƙungiya da ta haɗa majami'u daga ƙasashen Afirka da dama. Ga takaitaccen tarihinsa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Byang Kato ran 23 ga watan Yuni, 1936, a Kwoi, babban garin mutanen Jaba, waɗanda su kansu ke kiran kansu Ham. A wancan zamani ƙasar tana cikin kudancin Lardin Zazzau, yau kuwa tana cikin Jihar Kaduna. Ƙasa ce ta manoma wadda ta shahara da noman citta, kuma a cikinta ne ƙauyen Nok yake, wanda aka laƙaba sunansa ga gumakan yumɓun nan masu daɗaɗɗen tarihi.

Iyayensa mabiya addinin gargajiya ne, kuma tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin in ya girma ya zama mai kula da tsafin gidansu. Da ya kai shekara goma aka shigar da shi cikin al'adar nan ta horar da yara maza a daji, wadda daga gare ta ne ake ɗaukar yaro ya zama cikakken ɗan ƙabila.

Amma tun kafin a haife shi, 'yan mishan na SIM, watau ƙungiyar da ta fara sa ƙafa a Nijeriya cikin 1893, sun riga sun kafa tasha a Kwoi. Wata Baturiya daga cikinsu, Mary Haas, takan zaga unguwanni da garmaho tana tara yara, kuma ta haka ne Byang ya fara jin labarin makaranta. Mahaifinsa bai so ba, domin a ganinsa makaranta za ta raba shi da mai taya shi noma, ta kuma raba gidan da magajinsa. Da ƙyar ya yarda, sai ya zamana yaron ya haɗa wuyar fartanya da ta karatu.

Yana ɗan shekara goma sha biyu ya karɓi addinin Kirista a makarantar, bayan malaminsu ya ba su labarin Annabi Nuhu da jirginsa. Aka yi masa baftisma cikin Nuwamba 1948, aka ƙara masa sunan Henry. Wannan ya jawo masa fushin mahaifinsa, har ya sha duka, aka kuma daina biya masa kuɗin makaranta. 'Yan mishan ne suka ba shi 'yan aikace-aikace yana samun abin biya.

Matakan karatu

Domin mai karatu ya gane nisan tafiyar da Byang ya yi, ya kamata a bayyana yadda ake horar da ma'aikatan majami'a a Arewa a wancan lokaci. Matakin farko shi ne makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa. Tun da aka kammala fassara Littafin cikin Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen wa'azi da sujada a tsakanin ƙabilu masu yawa na tsakiyar ƙasar nan, kuma a irin waɗannan makarantu ne ake yaye masu bishara na ƙauyuka. Mataki na biyu shi ne kwalejin da ake koyarwa da Turanci. Na uku, watau digiri na jami'a a fannin tauhidi, wannan kuwa kusan sai Turawan mishan ke da shi. Sakamakon haka, 'yan ƙasa ke cika majami'u suna kai saƙo ƙauyuka, amma tsara darussa da rubuta littattafai da yanke hukunci kan mas'aloli masu wuya suna hannun baƙi.

Cikin 1955, shekara ɗaya bayan majami'un da SIM ta kafa sun haɗu sun zama ECWA, Byang ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a Lardin Ilori na lokacin. Ya gama cikin 1957, kuma a wannan shekara ce ya yi aure. Allah ya ba su 'ya'ya uku, mace ɗaya da maza biyu. Daga nan ya koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki na Arewa, ya kuma yi aiki a Ikko da mujallar nan ta African Challenge, inda yake amsa wasiƙun masu karatu da ke neman shawara.

Sai dai akwai wani shinge a gabansa. Byang bai yi makarantar sakandare ba, kuma babu jami'ar da za ta ɗauke shi ba tare da takardar GCE ba. Saboda haka ya shiga karatu ta hanyar wasiƙa, yana aiki da rana yana karatu da dare, ga iyali, ga albashi ƙanƙane. Ya ci ƙaramin matakin jarrabawar, sa'an nan ya ci babban cikin 1963. A wannan shekara ce ya tafi Ingila ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, wadda ke shirya ɗalibai domin jarrabawar digiri ta Jami'ar Landan.

Karatun wannan digiri ba wasa ba ne. Ɗalibi zai koyi Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, domin ya karanta nassi daga tushensa, ba ta bakin mai fassara ba. Akwai kuma Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari. Ban da harsuna, akwai nazarin littattafan ɗaya bayan ɗaya, da tarihin ikilisiya tun daga ƙarnonin farko, da aƙida, da falsafar addini. A kwalejin kuma ana koya musu dabarun wa'azi da kula da jama'a. Byang ya sami digirinsa cikin 1966, yana da shekara talatin.

Shugabanci a lokacin yaƙi

Da ya komo gida sai aka tura shi koyarwa a Igbaja, inda ya yi ɗalibta. Bai daɗe ba, cikin 1967, aka zaɓe shi Babban Sakataren ECWA, ya koma hedkwatarta a Jos. A shekarar ne yaƙin basasa ya ɓarke. ECWA tana da mabiya a Arewa da Yamma da Gabas, saboda haka nauyin riƙe zumuncin ikilisiyar da kula da aikin agaji ga waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita ya faɗa a wuyan shugabanninta, shi kuwa yana cikin na gaba.

Yaƙin na ƙarewa cikin 1970, sai ya bar kujerar ya sake komawa aji. Ya tafi Makarantar Tauhidi ta Dallas da ke Jihar Texas a Amurka, ya sami digiri na biyu cikin 1971, ya kuma sami na dokta cikin 1974.

Kiran da ya yi a Limuru

Cikin 1973, kafin ma ya kammala karatun dokta, aka gayyace shi babban taron Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska a garin Limuru na ƙasar Kenya. An kafa ƙungiyar cikin 1966, kuma har zuwa lokacin Bature ne Babban Sakatarenta. A jawabinsa Kato ya kwatanta ikilisiyar Afirka da majinyaci mai ƙarancin jini: jiki yana girma, amma babu ƙarfi a ciki. Abin da yake nufi shi ne mabiya suna ƙaruwa da dubbai, alhali malamai masu zurfin ilmi ba su taka kara sun karya ba. A ƙarshen taron aka zaɓe shi Babban Sakatare, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin, ya koma Nairobi da zama.

Maganin da ya kawo bai tsaya ga wa'azi ba. Ya nemi a kafa manyan makarantun tauhidi guda biyu, ɗaya domin ƙasashe masu amfani da Faransanci, ɗaya domin masu Turanci, don kada ya zama dole duk mai neman ilmi ya ƙetare teku kamar yadda shi ya yi. Ya nemi a kafa hukumar da za ta riƙa duba makarantun Littafi Mai Tsarki tana tabbatar da ingancin malamai da darussa da ɗakunan karatu, domin takardar shaidar da suke bayarwa ta yi daraja a ko'ina. Ya kuma nemi a fito da mujallar nazari, 'yan Afirka su riƙa rubuta littattafansu da kansu.

Muhawara kan addini da al'ada

Zamanin Kato zamani ne na farfaɗo da al'adun gargajiya. Cikin 1972 Shugaba Mobutu na Zaire ya umurci mutanensa su yar da sunayen baftisma. A Cadi kuma Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati da sauran jama'ar kudu shiga al'adar yondo, kuma Kiristocin da suka ƙi sun sha azaba, wasu ma sun rasa rayukansu. A jami'o'i, masana irin su Farfesa John Mbiti na Kenya da Farfesa Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan suna rubuce-rubuce masu ɗaukaka darajar addinan gargajiya na Afirka.

Kato ya shiga muhawarar a matsayin wanda ya san tsafi daga ciki, ba daga littafi ba. Ya yarda mutanen Jaba sun san akwai Mahalicci, wanda suke kira Nom, tun kafin zuwan Turawa. Amma ya ce bisa koyarwar addininsa wannan sani bai isa ya kai mutum ga ceto ba, ya kuma yi gargaɗi kan gauraya addinin Kirista da bautar gargajiya. A ɗaya ɓangaren kuma bai yarda Kirista ɗan Afirka ya zama Bature ba. A ra'ayinsa, harshe da tufafi da kiɗa da salon sujada duk su kasance na gida, muddin ba su saɓa wa Littafi ba, amma Littafin ne alƙali a kan al'ada. Ya gabatar da wannan ra'ayi a babban taron Lausanne na ƙasar Suwizalan cikin Yuli 1974, gaban wakilai daga ƙasashe kimanin 150. Cikin 1975 aka buga littafinsa mai suna Theological Pitfalls in Africa, watau ramukan da ke kan hanyar tauhidi a Afirka, wanda mai wa'azin nan na Amurka, Billy Graham, ya rubuta wa gabatarwa.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Wasu sun ce ya tsananta wa Mbiti fiye da kima, har bai yi wa rubuce-rubucensa adalci ba. Wasu sun zarge shi da cewa ra'ayin malamansa na Amurka yake maimaitawa. Masanin nan na Gana, Kwame Bediako, a wani littafi da ya buga cikin 1992, ya nuna cewa Kato ya rage wa gadon Afirka daraja. Masu kare shi kuwa suna cewa littafin nan aikin farko ne na matashin malami wanda ajali bai ba shi damar faɗaɗa tunaninsa ba, kuma wanda aka keɓe wa tsafi tun yana jariri yana da hakkin faɗin abin da ya gani. Har yanzu ɗaliban tauhidi suna tafka wannan muhawara.

Rasuwarsa

A ƙarshen 1975 Kato ya halarci babban taron Majalisar Majami'u ta Duniya da aka yi a Nairobi a matsayin ɗan kallo. Bayan an tashi ya ɗauki iyalinsa suka tafi hutu bakin teku kusa da Mombasa. Ran Jumma'a 19 ga watan Disamba ya nutse a ruwa, kuma sai washegari aka sami gawarsa. Aka kawo ta gida aka binne a Kwoi. A lokacin yana Mataimakin Shugaban Ƙungiyar Masu Bishara ta Duniya, kuma shugaban kwamitinta na tauhidi. Wani ɗan Nijeriya, Dokta Tokunboh Adeyemo, shi ne ya gaje shi daga baya a ofishin Nairobi.

Abin da ya bari

Kato bai ga ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya yi kira a kafa ba, amma duk sun tabbata. An kafa hukumar tantance makarantun tauhidi ta Afirka, ACTEA, cikin 1976. Makarantar masu Faransanci ta buɗe a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, cikin 1977. Ta masu Turanci ta buɗe a Nairobi cikin 1983, kuma ita ce ta zama jami'a mai cin gashin kanta cikin 2011. A gida Nijeriya, ECWA ta buɗe makarantar tauhidi ta Jos cikin 1980, aka sa wa ɗakin karatunta sunansa. Yau ɗan Kwoi ko Kagoro ko Zariya da ke son digiri a wannan fanni yana iya samunsa ba tare da ya bar ƙasarsa ba.

Ko mutum ya yarda da ra'ayoyin marigayin ko bai yarda ba, akwai abu biyu a rayuwarsa da suka shafi kowa. Na farko, ya nace a kan cewa bai kamata a damƙa jagorancin jama'a a hannun wanda bai yi karatu mai zurfi ba, kuma wannan magana ba ta tsaya ga majami'a kaɗai ba. Na biyu, ƙaramin ma'aikacin da ke ganin karatu ya wuce shi, da ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya karaya, sai su tuna cewa mutumin nan bai taɓa zama a ajin sakandare ba, kuma yana da mata da 'ya'ya sa'ad da ya zauna jarrabawar GCE. Shekara goma sha ɗaya bayan ya ci babban matakinta aka kira shi Dokta.