Horatio Spafford: Uban Da Ya Rasa 'Ya'ya Huɗu Rana Ɗaya

An haifi Horatio Spafford a Amurka a shekara ta 1828. Lauya ne a birnin Cikago, dattijon ikilisiya kuma. A 1871 babbar gobara ta ci birnin, dukiyarsa mai yawa ta salwanta.

Bayan shekara biyu ya sa matarsa Anna da 'ya'yansu mata huɗu a jirgin ruwa zuwa Turai domin hutu, da nufin ya bi su daga baya. Ran 22 ga Nuwamba 1873 jirgin ya yi karo da wani, ya nutse. Mutum 226 suka mutu, har da yaran duka huɗu. Anna ta tsira.

Spafford ya tashi nan da nan ya je wurin matarsa. Cikin wannan makoki ne ya rubuta waƙa a kan salamar rai, wadda ikilisiyoyi suke rairawa har yau. Gwaji bai ƙare ba, gama a 1880 ɗansu ƙarami ya rasu. A 1881 suka ƙaura zuwa Urushalima, suka shiga jinyar marasa lafiya da ciyar da matalauta, ba tare da duban addini ba. A can ya rasu a 1888.

'Yan'uwa, in gobara ko ambaliya ko rashi ya shigo gida, kada miji da mata su ware, kowa da kukansa. Ku yi makoki tare, ku kai nauyin ga Ubangiji cikin addu'a, ku kuma nemi wanda za ku taimaka masa.