Abebe Bikila: Ɗan Makiyayin Da Ya Ci Tseren Rum Ba Takalmi

A duk sa'ad da aka ambaci gudun famfalaki, sunan da ke fara zuwa bakin masana wasanni shi ne na marigayi Kyaftin Abebe Bikila na ƙasar Habasha. Jama'a sun fi tunawa da shi saboda ya ci tsere ba takalmi a ƙafarsa, har wasu na ɗaukar abin tamkar baiwa ce kurum. Alhali kuwa tarihinsa ya nuna shekaru ya yi yana shiri kafin ranar, kuma a nan ne darasi yake ga samarinmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan masu niyyar shiga tseren rabin famfalaki karo na farko.

An haifi Abebe ran 7 ga watan Agusta 1932 a ƙauyen Jato da ke lardin Shewa. Mahaifinsa makiyayi ne, saboda haka ya tashi da tafiyar ƙasa a kan tuddai, kamar yadda yaranmu ke tashi da zirga-zirga tsakanin gida da gonakin rake. A 1952 ya shiga rundunar askarawan da ke tsaron fadar Sarki Haile Selassie a Adis Ababa.

A can ne ya ɗauki gudu da gaske. Yakan yi kimanin kilomita 20 a kullum tsakanin tuddan Sululta da birnin, watau kusan tsawon rabin famfalaki, wanda yake kilomita 21 da ɗoriya. Daɗin daɗawa, birnin Adis Ababa yana bisa tudu ne mai tsayin fiye da mita 2,300, inda iskar shaƙa ba ta da kauri. Wanda jikinsa ya saba da gudu a irin wannan wuri, in ya sauko ƙasa sai ya tarar numfashinsa ya fi na abokan karawarsa nisa.

Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Onni Niskanen, wanda gwamnatin Habasha ta ɗauka aikin koyar da motsa jiki, shi ne ya lura da shi, ya shiga horar da shi bisa tsari. Bai bar shi ga dogon gudu kaɗai ba, sai ya riƙa haɗa masa da gajerun tsere masu sauri da hutu a tsakani. Nasara ba ta zo nan take ba, gama a gasar sojoji ta 1956 Wami Biratu ne ya zo na ɗaya, Abebe na biye. Sai a watan Yuli 1960 ya ci famfalakinsa na farko a Adis Ababa, bayan shekaru yana haƙuri.

Ran 10 ga watan Satumba 1960 aka yi tseren gasar Olamfik a birnin Rum. Takalman da ya samu ba su zauna masa daidai ba, saboda haka ya zaɓi ya shiga da tafin ƙafarsa, wanda ya riga ya yi kanta. An tashi da la'asar, dare ya riske su a hanya, sojojin Italiya na riƙe da jiniyoyi suna haska titi. Shi da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, har suka wuce hasumiyar Aksum, wadda Italiya ta kwaso daga Habasha a 1937, ba a kuwa mayar da ita ba sai 2005. Dab da ƙarshe Abebe ya ƙara mai, ya gama kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Shi ne baƙar fata na farko da ya ciyo wa wata ƙasar Afirka lambar zinariya a Olamfik.

A 1964, makonni biyar kafin tseren Tokyo, aka yi masa aikin tiyata a ciki. Duk da haka ran 21 ga Oktoba ya sāke zuwa na ɗaya, wannan karo da takalmi, cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya bar na biyu da ratar sama da minti 4. Kafinsa ba wanda ya taɓa cin wannan tsere sau biyu. A Meziko a 1968 ciwon ƙafa ya tilasta masa janyewa, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ɗauki zinariyar.

A watan Maris 1969 ya yi haɗarin mota, ƙafafunsa suka shanye. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, kuma ko a kan keken guragu bai bar wasa ba, har ya shiga gasar harbin kibiya a 1970. Ya rasu ran 25 ga watan Oktoba 1973 yana da shekara 41, Sarki da dubban jama'a suka halarci jana'izarsa.

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke shirin tserensa na farko bai kamata ya kwaikwayi cire takalmi ba. Abin koyi shi ne fita da sassafe a kai a kai, da ƙara nisa sannu a hankali, da biyayya ga mai horarwa, da rashin karaya in an sha kaye a karon farko.