Labarin Likita Ishaya Audu, Shaihun Malami, 1927 zuwa 2005

Duk wanda ya san birnin Kano ya san Jakara, ya kuma san Kasuwar Kurmi da ke bakinta. Mu da muke ratsa wurin kullum ba mu cika tunawa da abin da ya faru a kasuwar nan a zamanin Sarki Abdullahi ba. Wajen shekara ta 1867 aka kashe wani malami a cikinta, sunansa Malam Ibrahim. Shi dai malamin Alkur'ani ne, bai taɓa ganin Baturen mishan ba. Cikin karatunsa ne ya yi ta cin karo da sunan Annabi Isa, har ya soma koya wa almajiransa su girmama shi fiye da yadda aka saba. Aka ce ya janye, ya ƙi. Da aka kashe shi almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi, waɗansu ƙasar Zazzau. Su ne ake kira Isawa.

Na fara da wannan domin daga cikin zuriyar mutanen nan ne aka sami wanda za mu ba da labarinsa a wannan wata.

A shekara ta 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila da abokan tafiyarsu na C.M.S. suka iso Kano, amma Sarki Alu bai bar su su zauna ba. Daga baya Likita Mila ya sami wuri a birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. A can ne waɗansu Isawa suka same shi a 1913, suka ji sauran labarin da kakanninsu suka riƙe gutsurensa. Da yawa suka ba da gaskiya, aka yi musu baftisma, suka kafa ƙauye a Gimi. Ƙauyen bai daɗe ba, gama ciwon barci ya shiga ya kashe mutane da yawa, sauran suka tashi. Malam Bulus Audu yana cikin waɗanda suka tsira. A garin Anchau aka haifa masa ɗa ran 1 ga Maris, 1927, aka sa masa suna Ishaya. Ƙasar Anchau ɗin ma ciwon barci ya dame ta ƙwarai, har Gwamnati ta gina sabon gari kusa da ita, aka kira shi Takalafiya. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ba sai an gaya masa amfanin likita ba.

Ya yi karatunsa na fari a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa, inda mishan ta koma bayan ta fita daga birnin Zariya. Wusasa ƙaramin wuri ne a gindin dutse, amma ta fid da manyan mutane: Likita Dikko, wanda shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita, da Janar Yakubu Gowon, da waɗansu. Daga nan Ishaya ya tafi babbar makarantar Yaba a Ikko. Da aka buɗe kwalejin jami'a a Badun a 1948 ya koma can. A 1951 ya haye zuwa Ingila, ya gama karatun likita a jami'ar London a 1954, ya ƙara da na Liverpool a 1955. Ku lissafa shekarun da kanku. Ya yi fiye da shekara ashirin yana karatu, galibi nesa da gida, a lokacin da ɗan Arewa mai digiri bai fi a ƙirga da yatsu ba.

Cikin fannonin aikin likita ya zaɓi na yara. A ganina wannan zaɓi ya nuna halin mutumin, gama jariri ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, ba ya kuma biyan lada. A 1958 ya auri Victoria, Allah ya ba su 'ya'ya shida, suka zauna tare shekara 47 har mutuwa ta raba. Ya yi aikin asibiti a Arewa, ya kuwa zama likitan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. A lura da wannan. Sardauna jikan Shehu ne, mai kishin addininsa ne ba a ɓoye ba, duk da haka ya danƙa lafiyar jikinsa a hannun ɗan Wusasa. Shi kuwa likitan bai sāke sunansa ba, bai ɓoye bangaskiyarsa ba domin ya sami shiga. Daga baya ya koyar da ɗaliban likita a jami'ar Ikko tun daga 1962, ya kuma yi aikin bincike a jami'ar Rochester ta Amurka.

Sai ga shekara ta 1966. Ran 15 ga Janairu sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. Cikin wannan shekara ta baƙin ciki aka kira Likita Ishaya ya zama shugaban Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a madadin Sir Norman Alexander wanda ya riƙe ta tun buɗewarta a 1962. Shekarunsa 39 ke nan, shi ne kuma ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Ba lokacin sha'awar sarauta ba ne. An zub da jini a garuruwan Arewa cikin watan Mayu, aka sāke zubarwa cikin Satumba, malamai da ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas suka gudu, a 1967 kuma yaƙi ya ɓarke, bai ƙare ba sai 1970. Jami'ar kuwa jaririya ce, yawancin malamanta Turawa ne da za su iya ɗaure kayansu ko yaushe. Ya riƙe ta shekara tara. A zamaninsa aka kafa makarantar likitoci, ɗalibai suka ƙaru suka kai dubbai, aka yi ta tura samarin Arewa ƙarin karatu domin su komo su koyar. Mu mutanen Kano muna da rabo a ciki, gama Kwalejin Abdullahi Bayero reshe ce ta jami'ar a dukan shekarun nan, sai a 1977 ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta. Alƙalai da malaman Arabiyya da yawa na birnin nan sun karɓi digirinsu a ƙarƙashin shugabancin wannan Kirista. Ya sauka a 1975, shekarar da aka kawar da gwamnatin Gowon.

Maganar siyasarsa ita ce inda 'yan'uwa sukan rabu. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Dokta Azikiwe a jam'iyyar N.P.P. Ba su ci ba, amma da jam'iyyarsu ta ƙulla yarjejeniya da ta Shugaba Shehu Shagari aka naɗa shi Ministan Harkokin Waje. Da yarjejeniyar ta warware a 1981 bai bi jam'iyyarsa ya fita ba, ya ci gaba da aikin har 1983. Waɗansu suna ganin ya kamata ya fita tare da waɗanda suka kai shi. Waɗansu kuwa suna ganin aikin ƙasa ya fi jam'iyya. Ni dai ba zan yanke masa shari'a ba, amma ba zan ce siyasa ta ƙara masa daraja a kan wadda yake da ita ba. Abin da ta jawo masa shi ne kurkuku. Da sojoji suka karɓi mulki ran 31 ga Disamba, 1983, aka tsare shi tare da sauran ministoci, ya daɗe a tsare, ga shi ya doshi shekara sittin, ga iyali a gida suna jira.

Da aka sake shi bai nemi komawa Ikko ba, bai kuma tafi ƙasar waje neman aiki ba, ko da yake takardunsa sun isa. Ya koma Samaru, dab da ƙofar jami'ar da ya shugabanta, ya buɗe asibitinsa ya ci gaba da duba marasa lafiya. A can kuma ya ba da kansa ga aikin bishara, ya kafa ikilisiya yana kiwonta. Mutumin da ya tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya da sunan Nijeriya, shi ne aka riƙa gani yana duba jaririn matar manomi, ran Lahadi kuma ya buɗe Littafi Mai Tsarki a gaban 'yar ƙaramar jama'a. Kusan shekara ashirin ya yi a haka, wato ya fi daɗewa a wannan aiki da shekarunsa na shugabancin jami'a da na minista a haɗe.

Ya rasu a Amurka ran 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78, ya bar matarsa da 'ya'ya da jikoki. Tsakanin mutuwar Malam Ibrahim a bakin Jakara da tasa, wajen shekara 138 ke nan.