Ɗan Hausa, Baturen da Ya Kafa Makarantar Nasarawa

Duk malamin da ke koya wa yara karatun Hausa da boko ya kamata ya san labarin Hanns Vischer, wanda mutane suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa saboda gwanintarsa da harshen. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan cikin 1876, ya yi karatu a Kambirij ta Ingila. Da fari tare da 'yan mishan ya zo ƙasar nan, amma bai daɗe ba ya rabu da su, ya shiga aikin Gwamnati, aka kai shi Barno. Cikin 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus, ya bi ta Murzuk da Bilma har bakin Tafkin Chadi, a cikin ayarin da ke ɗauke da alhazai masu komowa gida.

Cikin 1908 Gwamna Girouard ya danƙa masa shirin ilmin Arewa. Bai yi gaggawa ba, sai da ya tafi Masar da Sudan ya duba makarantunsu, sa'an nan cikin 1909 ya buɗe tasa a Nasarawa, bayan ganuwar Kano.

Aikin fa ba ƙarami ba ne. Shekara shida ke nan da Turawa suka ci Kano, iyaye kuwa na ganin wanda duk ya shiga makarantar Bature ya yi sallama da addininsa. Saboda haka Ɗan Hausa ya fara da malamai, magidanta waɗanda suka riga suka yi nisa a karatun Arabiyya, don in sun koma garuruwansu su koyar. Bayansu aka kawo 'ya'yan sarakuna, aka kuma buɗe sashen sana'a, inda a ke koyon sassaƙa da ƙira da dukanci. Da Hausa a ke koyar da karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya. Karatun addini na hannun malamansa, almajiri kuwa yana cikin rigarsa da hularsa. Nufinsa shi ne yaro ya ƙaru da sabon sani ba tare da ya zama baƙo a zauren ubansa ba. Cikin 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, waɗanda aka ɗora gyare-gyaren baya a kansu.

A ganinmu jarrabawar gaskiya ta wannan makaranta a wurin aiki aka yi ta. Wanda ya fita ya zama malamin haraji, ko magatakardan hakimi, ko malamin makaranta, nan da nan a ke gane ko ya iya, gama lissafin kuɗin baitulmali ba ya karɓar hanzari. Mu da mu ke yawan auna yaro da makin da ya ci a takarda, akwai abin dubawa a nan.

Amma fa shirin na da tawaya, ɓoye ta kuwa rashin adalci ne. An yi shi ne domin samar wa En'e ma'aikata, don haka 'yan kaɗan ya ɗauka, ɗan talaka bai sami wuri sosai ba, 'ya'ya mata kuwa ba a ma yi zancensu. Turanci aka bar shi baya, alhali makarantun mishan na Kudu suna ta yaye masu jinsa. Wannan rata ta daɗe tana cin Arewa, har zuwa lokacin neman mulkin kai.

Yaƙin 1914 ya raba shi da aikin. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da ke ba Gwamnatin Ingila shawara kan ilmin ƙasashen da ta ke mulki, aka kuma ba shi lambar Sir cikin 1941. Ya rasu a Ingila cikin 1945. Gidansa na ƙasa yana nan tsaye a Kano, har yau kuwa Gidan Ɗan Hausa a ke ce da shi.