Barbara McClintock: matar da ta gano ƙwayoyin gado masu ƙaura

Manomin fadamar Sabon Birni ko Isa kan ɓare goyon masara ya tarar da wata ƙwaya mai ɗigo-ɗigon launi, ya wuce bai kula ba. A kan irin wannan ƙwaya Barbara McClintock ta ƙarar da rayuwarta.

An haife ta a Hartford ta Amurka ranar 16 ga Yuni, 1902. Ta shiga Jami'ar Cornell a 1919, ta sami digirin digirgir a ilimin tsirrai a 1927. Daga 1941 ta tare a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor, tana shuka masararta, tana haɗa irin da hannunta, tana duba shi da madubin ƙara girma.

Masanan zamanin sun ɗauka kowace ƙwayar gado na da mazauni ɗaya, kamar dutsen ado a tsakiyar tsakiya. Tsakanin 1944 da 1950 ta nuna cewa wasu guntayen kan tashi daga gurbinsu su faɗa wani. Idan guntu ya sauka cikin ƙwayar gado mai ba da launi, sai launin ya ɗauke. Idan ya fice, ya dawo. Asalin ɗigon ke nan. Da ta gabatar da binciken a 1951, akasarin takwarorinta ba su gane ba, har daga baya ta rage wallafa shi. Hujjarta ba ta da rauni, zamaninta ne bai kai gare ta ba. Sai a 1983 aka ba ta lambar Nobel ita kaɗai.

A shekarun 1980 aka gano abin da ya zarce na masara: guntayen kan bar jikin ƙwaro su shige cikin ƙwayar bairas da ta kama shi. Malcolm Fraser ya sami ɗaya, piggyBac, ya tsallaka daga ƙwayoyin jikin tsutsar kabeji zuwa bairas na dangin bakulo. Ana zaton ta irin wannan hanya gado kan ƙetara daga wani jinsin ƙwari zuwa wani. Da piggyBac ake sauya halittar sauro a ɗakunan bincike, kuma daga wannan dangin bairas ake haɗa maganin feshi na tsutsar da ta ɓulla a Najeriya a 2016 tana cinye masara.

McClintock ta rasu ranar 2 ga Satumba, 1992, tana da shekara 90.